Su Wa Ke Kan Tabarmar Jardan?

(Kiɗan buɗe shiri)

Iyayena maza da iyayena mata, 'yan'uwa da abokan arziki na Magarya da Bande da Kwaya, na Sasumburum da Washa da Yekuwa, barkanmu da warhaka. Mutanen Dungas da Dogo-Dogo da Gushi da Mallawa, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, wajen Ɓaɓura da Maigatari, in muryarmu tana isa gare ku, ku matso kusa, domin zancen na yau bai bar ku a baya ba.

A kan ƙananan yara za mu yi magana, 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda suka sauka daga goyo amma ba su isa shiga ajin farko na lakwal, wato makarantar firamare, ba. Akwai makarantar da aka tanadar musu, wadda muke kira jardan. Abu biyu nake so mu duba tare: wane irin jardan ne iyaye za su iya samu a wannan yanki namu, sannan in an shimfiɗa tabarmar, 'ya'yan wa ke zama a kanta, 'ya'yan wa kuma ke tsaye a bayan danga suna leƙe.

Mu fara da doka, don kada wani ya ɗauka jardan wani ƙaƙale ne na 'yan birni. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, ta sanya karatun ƙananan yara a matsayin matakin farko na ilimin tushe. A 2015 kuma ƙasashen duniya, har da tamu, suka ɗauki alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 kowane yaro, mace da namiji, zai samu irin wannan share fage kafin firamare. To amma takarda daban, ƙasa daban. Alƙaluman da aka daɗe ana fitarwa sun nuna cewa a faɗin Nijar, yaran da ke shiga jardan ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma mafi yawan waɗanda suka samu a birane suke.

Yanzu ku auna wannan da yawan jama'armu. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum fiye da dubu 570. Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gundumar kanta a 2011, tana da fiye da dubu 350. Shekaru sun ja tun daga lokacin, an kuma yi ta haihuwa. Duk wanda ya shiga ƙauyukanmu da hantsi ya san su wa zai fara cin karo da su: ƙananan yara ne, a gindin bishiya, a bakin rijiya, a kan juji. Manya suna gona ko fadama ko kasuwa, wasu sun tafi ci-rani.

To, ina uba ko uwa za su kai irin wannan yaro?

Akwai jardan na gwamnati. Gwamnati ce ke turo malama ko malami, ita ke biyan albashi. Wani yana zaman kansa, wani kuma aji ne guda da aka jingina da makarantar firamare. Irinsa ya fi samuwa a cikin gari da manyan garuruwan da ke da ofishin magajin gari. Akwai na kuɗi, na masu zaman kansu, wanda ba zan daɗe a kansa ba, domin mai hali ne ke kai ɗansa, kuma mai hali ya san hanya. Akwai makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci, waɗanda asalinsu a ƙasar nan ya faro daga madarasar garin Sayi a 1957, wasunsu ma suna da ajin ƙanana.

Sai na huɗu, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da ƙauyukan Magarya da Dungas, wato jardan na al'umma. Wannan mutanen gari ne ke kafa abinsu. Su ke ba da fili, su ke yin ɗaki, su ke zaɓen mace ko namiji daga cikinsu mai ɗan karatu da haƙuri da yara, hukumar ilimi ta ba shi horo, su kuma su riƙa ba shi ɗan abin hasafi. Ba baƙon abu ba ne a jiharmu. Wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Japan, mai suna Makaranta Don Kowa, ya fara a jihar Tawa a 2004, daga baya ya iso jihar Damagaram. Shi ne ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda muka sani da sunan COGES, yanzu ake ce musu CGDES. Ta hannun waɗannan kwamitoci, da taimakon UNICEF, aka gwada jardan na al'umma a jihohin nan biyu. A Senegal ma an bi hanya mai kama da wannan tun farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Abdoulaye Wade, inda aka riƙa gina wa ƙananan yara ɗakunan karatu a ƙauyuka da unguwanni.

Nan wani dattijo zai ce mini, ai muna da makarantar allo. Gaskiya ne, Baba, kuma Allah ya saka wa malamanmu da alheri, domin su ne suka riƙe ƙananan yaran ƙasar nan tun kafin a san boko. Babu mai cewa a ɗauke yaro daga gaban malam. Lokutan ma ba su karo da juna. Karatun allo ana yinsa da sassafe da yamma, wani wuri har da dare, jardan kuwa na hantsi ne, kafin azahar an tashi. Yaro guda yana iya yin biyun. Wanda ya saba zama a gaban malam yana maimaita abin da aka biya masa, ba ya shan wuyar zama a jardan.

Ƙorafin da na fi ji daga bakin iyaye shi ne, wai wasa kawai suke yi. Yaro ya yi wata uku yana zuwa, bai rubuta ko baƙi ɗaya ba, sai waƙa da tafi. Ina roƙon iyayena mata su saurari wannan da kyau. Ɗan shekara huɗu ba ya koyo da zaman shiru. In malama ta zuba tsakuwa ta ce a raba wa yara biyar, kowa uku-uku, lissafi ake yi. In ta ba da tatsuniya ta tsaya a tsakiya ta ce wa zai ƙarasa, ana koya wa yaro sauraro da jera magana, kuma wanda bai iya jera magana da baki ba, ba zai iya jera ta da alƙalami ba. In aka ba shi alli ya yi ta zana da'ira da sanda a kan allo, yatsunsa ake shiryawa. Yana koyon jiran layi, da wanke hannu kafin cin abinci, da tambaya ba tare da tsoro ba, da rabuwa da uwarsa na 'yan sa'o'i ba tare da kuka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji magabata, amma su ma sun san da lallashi ake yi, in an matsa sai ya karye.

Amfanin yana fitowa ne ranar da aka shiga ajin farko, wato CI. Ku tuna yadda ajin nan yake a yawancin makarantunmu: yara sun cika maƙil, malami ɗaya ne. Ba shi da lokacin bin kowane yaro. Wanda ya zo da sabo yana tafiya, wanda bai taɓa riƙe alli ba yana raɓe a baya, shekara ta ƙare bai kama komai ba, shekara biyu uku sai ya gudu, a ce ba shi da kai. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna 'yan makaranta a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gano cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ƙarshen firamare, ba a samu ko ɗaya cikakke da ya kai matakin karatun da ake bukata ba. Na 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma har yanzu da sauran tafiya. Wannan rauni tun daga tushe yake farawa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun zo inda ya fi damuna.

Ƙasar nan tamu ba ta taɓa zama ta ƙabila ɗaya ba. Dungas da Washa suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki masu alaƙa da Barno. Magarya tana da daɗaɗɗiyar dangantaka da sarautar Daura. Hausawa ne suka fi yawa, amma ga Fulani a rugage da cikin gari, ga Barebari, ga Abzinawa. Ranar kasuwa kowa yana nan, mai nono da mai rake da mai gyaɗa da mai kanwa. To, in ka leƙa jardan ka tarar 'ya'yan ma'aikata ne da na 'yan kasuwa da na masu gari kaɗai, ka san wannan ajin bai yi kama da kasuwar garin ba. Kuma illarsa babba ce. Yaran da dama sun fi samun gata a gida su ne aka ƙara wa gata, waɗanda suka fi bukata aka bari. Tazarar da ake son ragewa sai ta ƙaru, tun yara ba su kai shekara shida ba.

Mu ɗauki ɗan Fulani na ruga. Uban yana jin Hausa sarai, da ita yake ciniki. Amma yaron mai shekara huɗu, wanda duniyarsa ba ta wuce uwarsa da kakarsa da 'yan maruƙa ba, sau da yawa Fulatanci kaɗai ke bakinsa. An kawo shi jardan. Malama tana Hausa, tana jefa Faransanci jefi-jefi. Yara suna dariya, bai san abin da ake wa dariya ba. Fitsari ya matse shi, bai san yadda zai faɗa ba. Ya yi shiru sati guda, sai a yanke masa hukunci, a ce yaron nan ba ya ganewa. Alhali a gida shi ne ya san kowace saniya da sunanta da launinta, ya san wadda ta ɓace tun kafin a ƙirga. Wannan yaro yana da kai, hanyar shiga kan ce ba a bi ba.

Mu 'yan jihar Damagaram bai kamata a koya mana darajar harshen uwa ba. A birnin Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a 1973, saboda an lura yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya sha a nono. A watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ambaci Fulatanci da Barbarci da Tamajak da sauransu a cikin harsunan da ake magana da su a Nijar. Mun yi murna, kuma ya cancanta. Amma hujjar da muka kafa shekara da shekaru, cewa an cuci ɗan Bahaushe da aka tarbe shi da Faransanci ranar farko, ita ce dai hujjar ɗan Bafulatani in aka tarbe shi da Hausa zalla. Abin da muka ƙi wa 'ya'yanmu, kada mu yi wa na maƙwabci.

Maganin ba mai tsada ba ne. In garin yana da ruga a kusa, lokacin zaɓen mai kula da yara a nemi wadda ke jin harsunan biyu, ko a haɗa mata mataimakiya daga rugar. In hakan bai samu ba, malama ta koyi gaisuwa da kalmomi kaɗan na bukatar yau da kullum: zo, zauna, ruwa, abinci, ina ke ciwo. A gayyato wata tsohuwa daga ruga, ko daga gidan Barebari, ta zo ta yi wa yara tatsuniya da harshenta, wani ya fassara. A sa 'yan aji duka su ƙirga ɗaya zuwa biyar da Hausa, su sake da Fulatanci. Ranar da ɗan ruga ya zama shi ne ke gyara wa sauran furuci, za ku ga yadda fuskarsa ke canzawa. Mun san irin rigimar da kan tashi tsakanin manoma da makiyaya da kaka, kafin a saki gonaki. Ba zan ce jardan zai kashe wannan wuta ba, domin tushenta ƙarancin ƙasa ne da toshe burtali. Amma mutum biyu da suka ci ƙosai a tabarma ɗaya suna ƙanana, in sun haɗu a bakin gona, suna da sunan da za su kira juna da shi.

Ranku ya daɗe sarakuna da hakimai da masu gari, a nan akwai aikinku. In za a yi taron gari a kan makaranta, a aika wa arɗo takanas, kada a bari ya ji a bakin kasuwa. A kuma lura cewa ana buɗe makarantu a watan Oktoba, lokacin da wasu makiyaya ba su dawo ba. Yaron da ya iso a Disamba kada a ce masa an rufe rajista. Haka ma 'ya'yan 'yan ci-rani da ke dawowa daga Kano ko wani gari a tsakiyar shekara.

Sai ɗan talaka. Jardan na al'umma da kuɗin jama'a yake tafiya, kuma a nan ne yakan yi tuntuɓe. In aka ce kowane yaro zai kawo kaza a wata, to an riga an tace. Mai yara uku ƙanana da rumbun da ke ƙarewa tun kafin bazara ba zai iya ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, sai dai ya ce yaron bai isa ba tukuna. Watan da kuɗi suka ƙi taruwa kuma, malama ta gaji ta daina zuwa, ɗakin ya koma wurin kwanan awaki. Shawarata ita ce a ɗora nauyin a kan gari baki ɗaya, ba a kan yaro ba. A tara da kaka, lokacin da hannu ke da abu, kowane gida ya kawo tiyar hatsi ko wake ko riɗi gwargwadon ƙarfinsa, har da gidan da ba shi da ƙaramin yaro a bana, domin baɗi zai samu. 'Yan garin da ke neman kuɗi a waje su ma a tuna musu. Kwamiti ya karanta lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, domin rashin bayani ne ke kashe karo-karo. Kuma a rubuta a ƙa'ida cewa ba a korar yaro saboda ubansa bai biya ba.

Game da 'ya'ya mata, akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Wace ce ke rainon ɗan shekara uku in uwa ta tafi daka ko ɗiban ruwa? Yayarsa ce, 'yar shekara takwas ko tara, wadda ya kamata a ce tana aji. Jardan ɗaya yakan saki yara biyu, ƙaramin ya samu wurin zama, yayar ta samu komawa lakwal. Ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatun yara, wato AME, su ne suka san gidajen da hakan ke faruwa, a ba su dama su yi magana a taro.

Akwai kuma yaron da ake ɓoyewa: gurgu, kurma, mai raunin gani, ko wanda maganarsa ta yi jinkiri. Iyaye suna tsoron a yi masa dariya, sai su ajiye shi a ɗaki. A birnin Zinder akwai makarantar kurame, amma ɗan shekara huɗu daga Gushi ko Yekuwa ba zai je can ba. Jardan na garinsu ne wurin da za a fara gane abin da ke damunsa. Malama mai lura ita ce za ta ga yaron da ba ya juyowa in an kira shi ta baya, ta ce a kai shi likita. Wani ciwon kunne ne da ke da magani in an yi da wuri. Ƙananan yara kuma ba su da ƙyamar da manya ke da ita, in ba an koya musu ba.

Tunda mun taɓo likita, kowa a nan ya san abin da damina ke yi wa yaranmu. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma duk shekara in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, ɓangaren yara na asibitin yakan cika. Wurin da ƙananan yara ke taruwa kullum a gaban babba guda mai ido, wuri ne da za a ga wanda ya rame ko jikinsa ya yi zafi tun abin bai yi nisa ba. Kwamiti ya ƙulla zumunci da ma'aikacin lafiya na kusa, ya riƙa leƙowa.

Magana ta gaba mai nauyi ce, amma dole a faɗe ta. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, yawancinsu 'yan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka tafi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sanya 'yan jardan a ajin zana ko kara a ko'ina cikin ƙasa. Don haka in garinku zai kafa jardan, kada sauri ya sa a kafa rumfar kara. A buga tubali a yi ɗakin ƙasa mai ƙofa wadatacciya da tagogi, nesa da murhun masu tuya. In makarantar firamare tana da ɗakin siminti ɗaya tak, ƙanana ne suka fi cancanta da shi, domin babban yaro yana iya gudu, ɗan shekara huɗu kuwa in ya firgita tsayawa yake yi. A tanadi randar ruwa mai murfi da makewayi daidai tsayinsu.

Kada a manta da takardar haihuwa. Yin ta kyauta ne in an kai sanarwa cikin wa'adi, kuma yaro zai bukace ta ranar jarrabawa. Lokacin rajistar jardan dama ce ta gano waɗanda ba su da ita, a kai sunayensu ofishin magajin gari tun da sauran lokaci. Amma rashinta kada ya zama dalilin mayar da yaro gida, domin 'ya'yan ruga da na ƙauyukan nesa su ne suka fi rasa ta.

Wanda ke son a fara a garinsu, ga hanya. Ya samu daraktan makarantar firamare da shugaban CGDES, su kira babban taron gari, da liman da mai gari da arɗo da mata. Kafin taron a zaga gida-gida, har rugage da 'yan tungayen da ke kewaye, a rubuta sunan kowane yaro ɗan shekara uku zuwa biyar. Wannan takarda ita za a kai wa sufeton makarantu da ofishin magajin gari in ana neman horo ko malama ko kayan aiki, kuma ita za a riƙa dubawa bayan an buɗe, a ga wa ya zo, wa bai zo ba, a bi sawunsa a ji dalili. Inda kuma jardan ya riga ya kafu, na gwamnati ne ko na al'umma, iyaye suna da ikon tambayar darakta yara nawa aka ɗauka bana, mata nawa, daga waɗanne unguwanni da rugage.

Lokacinmu ya cika. A gaida malaman jardan da ke fama da yara tun safe, a gaida iyaye mata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)